Abin da aka kakkaɓo a sama, a ƙasar wa yake faɗowa?

A watan Yunin 2025, cikin kwana goma sha biyun da Isra'ila da Iran suka yi suna ɓarin wuta, rumfar mai cajin waya ta garinmu da ke gefen Auyo ta koma gidan kallo. Alhazanmu ba su gama dawowa daga Saudiyya ba, saboda haka hankalin kowa yana gabas. Bayan isha'i sai a yi cincirindo a kan waya guda, ana kallon ɗigon wuta na gangarowa kan birni, wasu ɗigon na tasowa daga ƙasa suna taryensu. In biyu suka haɗu sama ta haska, matasa su ɗauki sowa, kowa da ɓangaren da yake so. Wani dare Baffana, wanda a fadama ya yi furfura, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Sai da muka kama hanyar gida ya ce, "Kai ɗan nan, wannan da suke cewa sun kakkaɓo, ina yake faɗawa?"

Na ce, "Baffa, ai ƙasa yake faɗowa."

Ya ce, "Na san ƙasa. Ƙasar wa?"

Tun daga daren nake bibiyar lamarin nan, kuma har yau ban ga tambayar da ta fi tasa taɓa jijiyar maganar ba. Amma kafin a kai gare ta sai an san makamin kansa.

Sunan da muka ba shi da Hausa, makami mai linzami, yana ɗan ɓatar da mutum. Linzami na doki ne, yana hannun mahayi tun daga hawa har sauka. Akwai makamin da sunan ya dace da shi, wato mai tafiya ƙasa-ƙasa kamar ƙaramin jirgi, injinsa na aiki har ya isa, yana iya kewaye tsauni ya bi kwari, irin Tomahawk na Amurka. Wanda muke magana a kansa, na balistik, tafiyarsa ta jifa ce, kamar dutsen majajjawar yaran da ke korar tsuntsu a gonar shinkafa. Injinsa na ci na ɗan lokaci ya cilla shi sama, da yawa har su fita daga iskar duniya, daga nan wuta ta mutu, nauyinsa ya dawo da shi. Wanda bai kai kilomita 1,000 ba ana kiransa mai gajeren zango. Wanda ya haura kilomita 5,500 shi ne mai tsallake nahiya, yana cin kusan kilomita 7 a sakan guda, wato daga Haɗeja zuwa Kano bai cika rabin minti ba. Daga Iran zuwa Isra'ila, tazarar da ta fi ta Kano zuwa Legas, kimanin minti 12 ne.

Jamus ce ta fara amfani da shi a yaƙi. A watan Satumban 1944 ta soma jefa V-2 kan Landan da Faris, daga baya ta tsananta wa Antwerp ta Beljiyam, kuma kafin yaƙin ya ƙare ta harba sama da 3,000. Ko ɗaya ba a tare a sama ba. Ya fi sauti gudu, sai ya fashe sannan a ji ƙarar zuwansa.

To amma jifa yana da rauni guda: hanyarsa sananniya ce. Yaron da ya saba da majajjawa, da ganin yadda dutse ya bar hannu ya san inda zai sauka. Duk dabarar tare makamin nan a kan wannan aka gina ta. Taurarin ɗan'adam da ke can kusan kilomita 36,000 sama da mu su ke fara hango zafin wutarsa lokacin tashi. Su sanar da na'urorin rada na ƙasa da na jiragen ruwa, rada ta kama shi ta bi shi, kwamfuta ta lissafa inda zai kasance nan da sakan kaza, sannan a harba matari zuwa wancan gurbin, su isa tare. Ido da lissafi su ne rabin aikin, kuma kuskure kaɗan a cikinsu ya isa. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wata na'urar tare makamai ta Amurka mai suna Patriot da ke Dahran a Saudiyya ta yi kusan awa 100 a kunne ba a kashe ta an sake tayarwa ba. Agogon cikinta ya zame da sulusin sakan. A gudun makamin Scud na Iraƙi, sulusin sakan ya fi rabin kilomita. Rada ta duba inda lissafi ya ce, ba ta ga komai ba, ta ɗauka babu hari. Makamin ya sauka kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28. Gyaran manhajar da zai magance matsalar washegari ya iso.

Tafiyar makamin gaɓa uku ce, kuma kowace da irin wahalarta. Lokacin tashi ya fi sauƙin gani, ga wuta, ga nauyi, bai yi gudu ba tukuna, kuma in aka buge shi a nan kan mai shi zai faɗo. Matsalar ita ce minti uku zuwa biyar ne kawai ga manyan, ƙananan ba su kai haka ba, kuma dole matarin ya kasance a kusa, kusan a cikin ƙasar abokin gaba. Amurka ta taɓa ɗora na'urar hasken lesa a kan jirgin Boeing 747 don wannan aiki, ta kakkaɓo makamin gwaji a 2010, amma ta watsar da shirin bayan ya lashe biliyoyin daloli, domin jirgin sai ya yi shawagi a inda za a iya harbo shi.

Gaɓa ta tsakiya ta fi tsawo, wajen minti 20 ga mai tsallake nahiya, amma a nan yaudara take. A inda babu iska, balan-balan da dutse gudunsu ɗaya. Mai hari na iya sakin balan-balan masu ƙyalli da gutsattsarin ƙarfe su yi ta tafiya tare da kan da ke ɗauke da bam, ko ya ɗora kawuna da yawa a makami guda kowanne da inda zai nufa. Mai tsaro sai ya tantance na gaske cikin mintuna, ko ya harbi kowanne. Amurka na da matara 44 na wannan mataki, 40 a Alaska, 4 a Kalifoniya, kuma a gwaje-gwajen da ita kanta ta shirya, ta san lokaci ta san hanya, abin da suka samu bai wuce rabi da ɗan ɗoriya ba. Ita ma ba ta ce don Rasha ko Sin ta girke su ba, don ƙasa irin Koriya ta Arewa ne mai makamai ƙalilan.

A gaɓa ta ƙarshe iska ce ke yi wa mai tsaro aiki. Da kayan sun dawo cikin iskar duniya sai ta shiƙe su kamar yadda mata ke shiƙar gero, ƙaiƙayi ya yi baya, tsaba ta sauko. Yanzu an san na gaske. Sai dai abin da ya rage minti ɗaya ne ko ƙasa da haka, kuma sababbin makamai irin Iskander na Rasha suna karkacewa a wannan lokaci don su rikita lissafi. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci ga tambayar Baffa: matarin wannan mataki fili kaɗan yake rufewa. Patriot birni guda ko sansani guda yake karewa daga irin wannan makami. THAAD, wata na'urar ta Amurka mai kaiwa kusan kilomita 150 sama, ya fi shi faɗi, amma shi ma yanki ne.

Shi ya sa masu hali ke jera kariyar hawa-hawa, in na sama ya kuskure na ƙasa ya gwada. A rumfarmu duk wutar da ta tashi sai a ce Iron Dome ta Isra'ila ce, alhali ita don ƙananan rokoki na kusa aka yi ta, irin na Gaza da Lebanon. Makaman Iran aikin Arrow 3 ne can wajen iskar duniya, da Arrow 2 a ƙasa da shi, sai wani da suka raɗa wa sunan majajjawar Annabi Dawuda, ga THAAD da jiragen ruwan yaƙin Amurka suna taya su. Yawancin sababbin matara ba sa ɗaukar bam, da jikinsu suke karo da makamin, gudun kaɗai ya isa ya ragargaza shi. Harsashi ne ake harbi da harsashi, kuma yana yiwuwa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kakkaɓo makamin 'yan Huthi na Yemen da THAAD a Janairun 2022, Yukiren ta kakkaɓo Kinzhal na Rasha da Patriot a saman Kiyef a Mayun 2023, makamin da aka sha cewa ba ya taruwa. Wanda ya ce duk farfaganda ce bai yi adalci ba.

Amma wanda ya ce garkuwar ta gama magana shi ma bai yi lissafi ba, kuma duk manomin kwarin Haɗeja ya san wannan lissafin. Yaro mai majajjawa yana iya wa tsuntsu goma. Ranar da jan-baki ya taso daga cikin kacalla ya rufe rana, ko yaran gari duka aka zuba a gonar sai ya ci rabonsa, kuma kafin la'asar hannu ya gaji, tulin ƙwallon laka ya ƙare. A daren 13 zuwa 14 ga Afrilun 2024 Iran ta saki jirage marasa matuƙa da makamai sama da 300 kan Isra'ila, kusan 120 daga ciki na balistik. An san da zuwan harin kwanaki kafin nan, Amurka da Ingila da Faransa da Jodan sun sa hannu, aka tare mafi yawa. Ranar 1 ga Oktoban shekarar ta canza salo, ta harba na balistik zalla wajen 180 kusan a lokaci guda, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ramuka da dama a sansanin jiragen yaƙi na Nevatim. A yaƙin Yunin 2025 ta harba sama da 500.

Matarin Patriot na zamani guda ɗaya ya kai wajen dala miliyan 4, na THAAD ya haura miliyan 12, kuma sau da yawa biyu ake harba wa makami ɗaya don gudun kuskure. Kuɗin ma da sauƙi a kan lokacin ƙerawa. Kafofin labaran Amurka sun ruwaito cewa ta ƙona matara THAAD sama da 100 a kwana goma sha biyun nan, alhali abin da take saya a shekara a lokacin goma sha wani abu ne. Rumbun da aka shekara ana cikawa, mako biyu ya sauke shi. Ko da a ce ana tare 90 cikin 100, goma sun wuce. In bam na yau da kullum ne, gari zai yi jana'iza ya ci gaba da rayuwa. In na nukiliya ne, guda ɗaya ya wadatar.

Wannan ne ya sa sojoji ba sa dogara ga tarewa kaɗai. Mu ma a nan mun san maganin jan-baki na gaske shi ne a bi shi makwancinsa da feshi kafin ya tashi. A yaƙi wannan na nufin a farfasa motocin harbawa, da ma'ajiyai, da masana'antun da ke haɗa man makamin. V-2 bai daina sauka a Landan ba sai da sojojin ƙawance suka matso, Jamusawa suka janye daga wuraren da ake harbo shi. Amma abin ba sauƙi: a 1991 jiragen ƙawance sun yi makonni suna farautar motocin Scud a hamadar yammacin Iraƙi, kuma binciken bayan yaƙi ya kasa tabbatar da cewa sun lalata na gaske, domin Iraƙi ta baza na bogi, na gasken kuma su harba su ɓuya. A 2025 Isra'ila ta fi samun nasara a wannan fanni, yawan makaman da Iran ke harbawa a dare ya ragu sosai bayan kwanakin farko. Ni dai wannan dabara ita ta fi ba ni tsoro, duk da amfaninta. Sunanta kariya, amma hari ce, bama-bamai ne a kan garuruwan mutane, kuma ɗaruruwan Iraniyawa sun mutu a yaƙin. Sannan duk wanda ya san za a zo a ƙone masa makamai a ma'ajiya, zuciyarsa za ta raya masa ya harba su tun suna hannunsa.

Manyan ƙasashe sun taɓa fahimtar cewa ita kanta garkuwar tana iya tayar da fitina. A watan Mayun 1972 shugaba Nixon na Amurka da Brezhnev na Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar taƙaita irin wannan kariya. Hujjarsu ita ce, in ɗaya ya yi sulken da yake ganin ba ya hudawa, ɗayan zai ji tsoron a far masa, sai ya ninka makamansa, a koma gidan jiya da kashe kuɗi. Shugaba Reagan na Amurka ya farfaɗo da mafarkin garkuwa daga sararin samaniya a 1983, Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2002, Putin kuma ya sha cewa ficewar ce ta sa Rasha ƙera sababbin makamai masu kauce wa matara. A Mayun 2025 Trump ya sanar da shirin garkuwar Golden Dome da ya ce zai ci dala biliyan 175.

Akwai kariyar da ba ta fitowa a bidiyo, kuma a ganina ita ta fi ceton rai a kan kowace dala da aka kashe: gargaɗi da maɓoya. Ranar 8 ga Janairun 2020, bayan Amurka ta kashe janar ɗin Iran Ƙasim Sulaimani, Iran ta yi wa sansanin Ainul Asad a Iraƙi, inda sojojin Amurka suke, ruwan makamai. Babu Patriot a wurin, ba a tare ko ɗaya ba. Amma labari ya riga makaman isa, an kwashe jirage, an watsa wasu sojojin cikin hamada, sauran sun shiga ramukan kankare. Sama da 100 sun samu rauni a ƙwaƙwalwa saboda girgiza, babu wanda ya mutu. Isra'ila ma tun bayan yaƙin 1991 ta wajabta ɗaki mai kaurin bango a kowane sabon gini, ga jiniya, ga saƙon waya. Irin abin da manomi ke yi ne in ya rufe shinkafarsa da raga: bai hana tsuntsu zuwa ba, ya dai rage abin da zai ci. A wannan daren na Ainul Asad kuma aka ga ɗaya fuskar tsaro cikin firgici. Dakarun Iran da ke jiran martani suka ɗauki jirgin fasinja na Yukiren da ya taso daga Tehran a matsayin makami, suka harbo shi, mutum 176 suka rasu.

Yanzu mu dawo ga Baffa. Tun da matara ba su isa ba, kuma kowanne fili kaɗan yake rufewa, dole wani ya zauna ya rubuta abin da za a kare da abin da za a bari. Fadar shugaba, sansanonin soja, matatun mai, tashoshin lantarki, manyan birane. Kwamfutar ma an koya mata cewa in lissafi ya nuna makami zai sauka a fili, a ƙyale shi, kada a ɓata matari. To wa ke zaune a wurin da taswirar soja ta kira fili? A kudancin Isra'ila akwai ƙauyukan Larabawan Badawi da gwamnati ba ta amince da zamansu ba, ba su da maɓoya. A harin Afrilun 2024, wadda ta fi kowa jin rauni yarinya ce 'yar shekara bakwai daga irin waɗannan ƙauyuka, ɓaraguzai suka huda rufin ɗakinsu. A harin Oktoba, mutumin da ɓangaren makami ya faɗo wa ya kashe Bafalasɗine ne ɗan Gaza da ke zaune a yankin Jariko. A Maris ɗin 2018, da 'yan Huthi suka harba wa Riyad makamai Saudiyya ta ce ta tare, wanda ya rasu ɗan ci-rani ne daga Masar. Abin da aka kakkaɓo bai ɓace ba. Gangar jikinsa ta kai tsawon motar haya, wani lokaci da sauran mai a ciki, kuma tun da ana so a buge shi kafin ya kai birni, sau da yawa a kan na bayan gari yake sauka.

Kakanninmu sun san bambancin cikin ganuwa da wajenta. Zamanin harin Ningawa da Damagarawa, birni da garuruwa masu ganuwa ne ke da kariya, mutanen ƙauye su ke fara ganin ƙurar dawaki. Amma ganuwar Kano ta kewaye har da gonaki, kuma tana da ƙofofi, mai gudu yana iya kora dabbobinsa ya shiga. Garkuwar sama ba ta da ƙofar da baƙauye zai ruga ya shiga cikin minti goma sha biyu.

Za a ce me ya haɗa manomin Jigawa da wannan. Babu maƙwabciyar Najeriya da ke auna ta da irin wannan makami, kuma ba zan so a ɗebi kuɗin asibiti da taki a sayo Patriot ba. Amma 'yan'uwanmu suna ƙarƙashin waccan samaniyar. A Oktoban 2016 Saudiyya ta ce ta tare makami kimanin kilomita 65 daga Makka, 'yan Huthi suka ce filin jirgin Jidda suka nufa, filin da alhazanmu ke sauka. Ranar 23 ga Yunin 2025 Katar ta rufe sararin samaniyarta saboda harin Iran kan sansanin sojojin Amurka na Al Udaid, ga matasanmu masu aikin ƙarfi a ƙasashen Larabawa, waɗanda yawanci a gefen gari ake ajiye su.

Abin ma ya matso gida. Daren 25 ga Disamban 2025 Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato, ta ce 'yan ta'adda ta nufa. Makaman ba na balistik ba ne, amma ɓaraguzai sun faɗo a gona a Jabo cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, wasu a Offa ta jihar Kwara. Allah ya tsare ba a rasa rai a Jabo ba. Mutanen garin ba jiniya, ba saƙon waya, ƙara da haske kawai suka gani. Abin da nake roƙon hukumomi ba ya buƙatar dala miliyan 4: a samar da hanyar aika gargaɗi ta waya da rediyo cikin Hausa da Fulatanci, a kuma faɗa wa masu unguwanni da limamai su ja kunnen jama'a. Ƙarfen da ya faɗo daga sama yana iya zama da sauran abin fashewa, man wasu makaman kuma guba ne mai cin fata da huhu, mu kuwa garuruwa ne da yara ke yawo da buhu suna tsintar ƙarfe su kai wa 'yan gwangwan a auna.

Da labarin Jabo ya zo, na je na sami Baffa a bakin fadama yana gyaran kwami. Na ce masa ga abin da ya faru, a gonar wani ya faɗo. Ya dafa fartanyarsa ya tambaye ni ko mai gonar ya riga ya kwashe amfaninsa.